Tun Ran Gini Ran Zane: A Binciki Ɗan Kwangila Kafin A Danƙa Masa Gida

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta shigo, kuɗi ya ɗan zauna a hannun jama'a, sai ka ga unguwannin biranenmu sun cika da tsibin yashi da tsakuwa da bulo a ƙofar gidaje. Wannan yana so ya ɗora bene a kan gidan da ya gada, wancan yana so ya fasa zaure ya fid da kantuna uku a bakin titi, wani kuwa ɗansa ne zai yi aure, yana so a rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu a mai da su falo. Duk wannan abin murna ne, domin alama ce ta wadata da ƙaruwar iyali. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne yadda ake zaɓen mutumin da za a danƙa wa irin wannan aiki.

Mutumin da zai sayi ragon layya sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa ƙugunsa, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Wanda zai aurar da 'yarsa sai ya tura manya su binciko asalin manemin da halinsa da sana'arsa. Amma abin mamaki, wannan mutum ɗin ne zai ɗauki gidan da matansa da 'ya'yansa ke kwana a ciki, ya miƙa wa wani da ya haɗu da shi a majalisa ko a wajen ɗaurin aure, ba don komai ba sai don an ce masa yana da sauƙi, ko kuwa ƙanin abokin wane ne. Ba ya tambayar wa ya koya masa aikin, ba ya tambayar ko hukuma ta san da shi, ba ya kuma tambayar ina gidajen da ya taɓa gyarawa, suna tsaye ko sun tsage.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. A birane irin su Kano da Zariya akwai Sarkin Magina, kuma gini sana'ar gado ce, yaro yana fara ta daga kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekaru a ƙarƙashin ubansa ko ubangidansa kafin a yarda ya ɗaura bakan gizo ko ya jera azara shi kaɗai. Kowa ya san magini, ya san gidansu, ya san sorayen da ya gina, in kuwa aikinsa ya ɓaci akwai wanda za a kai ƙara wurinsa. Irin wannan tarbiyya ce ta fid da Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ginin ƙasa da ya yi kusan shekara 190 kafin wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023. Watau tun da can akwai rajista, sai dai a zukatan mutane take, kuma akwai tarihin aiki, sai dai a jikin bangayen gari yake rubuce.

Abin ya canza ne sa'ad da birane suka bunƙasa, siminti da rodi suka maye gurbin tubali da azara, kuɗin man fetur kuma ya shigo. Waɗanda suka ga zamanin ƙarin albashin Udoji na 1974, da cunkoson jiragen ruwa masu ɗauke da siminti a tashar Ikko a 1975, za su tuna yadda kwangila ta zama sana'ar kowa da kowa. Duk wanda ya sami jaka da takarda mai kan sarki da sunan kamfani ya zama ɗan kwangila, ko da kuwa bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Wannan ɗabi'a ba ta bar mu ba har yau. Tsohuwar hanyar sanin magini ta raunana domin gari ya yi girma, sabuwar hanyar da doka ta shimfiɗa kuwa yawancinmu ba mu ma san da ita ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai ɗan gyara ne, ba sabon gini ba. To, a nan ne hatsarin yake. Sabon gini ana fara shi daga harsashi, ana ganin komai. Gyara kuwa ana ɗora shi ne a kan abin da ke binne, wanda ba wanda ya san zurfinsa ko ƙarfinsa sai an tona an auna. Bari mu yi ɗan lissafi. Kankaren da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi yana da nauyin kilo wajen 2,400. Rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, in kaurinsa inci 6 ne, kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 360. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, rufinsa kaɗai ya kai kilo 5,760, watau nauyin buhun siminti 115. Gida mai irin waɗannan ɗakuna huɗu ya ɗauki fiye da tan 23 ke nan tun ba a jera bulo ko ɗaya na sama ba, ba a ɗora tankin ruwa ba, wanda in mai lita 2,000 ne shi ma tan 2 ne, mutane da kayansu ba su hau ba. Yaya za a yi harsashin da aka haƙa domin gidan ƙasa mai rufin kwano ya ɗauki wannan kaya? Haka kuma bangon da ake ganin kamar raba ɗaki kawai yake yi, sau da yawa shi ne ke riƙe da abin da ke sama, in an cire shi ba a sa ginshiƙi da gadar kankare a madadinsa ba, rufin yana nan yana jiran ranarsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ran 12 ga Satumba 2014 duniya ta ji yadda masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun a Ikko ya rushe, mutum 116 suka rasu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. Ginin ana ƙara masa hawa ne, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya bayyana a 2015 cewa ba a sami iznin hukuma ba. A watan Maris na 2016 wani bene ya faɗi a Lekki ya kashe fiye da mutum 30, Gwamnatin Jihar ta ce an wuce adadin hawan da aka yarda, kuma an taɓa rufe wurin aka ci gaba da aiki. A watan Maris na 2019 wani bene mai makarantar firamare a samansa ya rufta a Ita Faji, mutum 20 suka rasu, alhali an riga an sa wa ginin alamar rushewa. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a titin Gerrard da ke Ikoyi, fiye da mutum 40 suka halaka har da mai ginin kansa. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya shaida wa manema labarai cewa iznin hawa 15 aka bayar, sa'an nan ya bayyana cewa tun watan Fabrairu na 2020 wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta takarda ya janye hannunsa daga aikin. Mu ma nan Arewa ba mu tsira ba. A ƙarshen watan Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut cikin Kano, kuma ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a unguwar Busa Buji ta Jos, rai 22 ya salwanta.

Abin lura a cikin waɗanda suka faru a Ikko shi ne, kowannensu yana da tarihi a rubuce tun kafin ya faɗi. Ko dai babu izni, ko an wuce iznin, ko an taɓa hana aikin, ko wani masani ya ce ba da shi ba. Da akwai mai tambaya, da ya sami amsa. Waɗannan su ne manya da jaridu suka buga. Ƙananan kuwa, irin ɗakin da ya rufta wa uwa da jaririnta a lungu, ko katangar da ta faɗa gidan maƙwabci cikin ruwan Agusta, a kan yi jana'iza a ce ƙaddara ce, a watse. Lalle mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana mu ɗaure raƙumi ba.

Doka kuwa tana nan, ba yau aka kafa ta ba. Tun 1969 Dokar Soja mai lamba 10 ta kafa ARCON, majalisar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista. A 1970 Doka mai lamba 55 ta kafa COREN domin injiniyoyi. A 1986 aka kafa hukumar rajistar masu ƙiyasin kuɗin gini, a 1989 kuma Doka mai lamba 45 ta kafa CORBON domin ƙwararrun magina. Doka mai lamba 88 ta 1992 kan tsara birane ta wajabta neman izni kafin a tada gini ko a canza amfanin da ake yi da shi, sa'an nan a 2006 aka fid da kundin ƙa'idodin gini na ƙasa. Masu ba da iznin su ne hukumomin tsara birane, irin su KNUPDA a Kano, da KASUPDA a Kaduna, da sashen kula da bunƙasar gine-gine a Abuja. Wanda zai haɗa wayar lantarki ma akwai takardar ƙwarewa da hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, take bayarwa. Ƙananan ma'aikata kuma, birkila da kafinta da mai haɗa famfo, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai daraja uku.

To, me ya kamata mai gida ya yi kafin ya ba da ko kwabo? Da farko ya tambayi ɗan kwangilar sunan kamfaninsa da lambar rajistarsa, ya duba a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, abin da yanzu yaro mai wayar hannu zai iya yi masa ta intanet cikin minti kaɗan. Amma fa a lura, takardar CAC tana nuna cewa kamfanin yana nan ne kawai, ba ta shaidar cewa ya iya gini. Mai sayar da goro ma yana iya yankar ta. Saboda haka tambaya ta biyu ta fi nauyi: wane injiniya ne zai auna harsashin ya yi lissafin rodi, wane magini ne mai rajista zai tsaya a kan aikin, mene ne sunansu da lambarsu a COREN ko CORBON? A kai waɗannan lambobi ga majalisun a tabbatar. Kada kuma a gamsu da hatimi a jikin takarda, domin sanannen abu ne cewa akwai masu buga hatimi a kan zanen ginin da ba su taɓa taka ƙafa a wurinsa ba. A ce injiniyan ya zo da kansa, a tona gefen harsashi a gabansa, ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta da hannunsa, ko gidan zai ɗauki bene ko ba zai ɗauka ba.

Na uku shi ne tarihin aikinsa, kuma wannan ya fi kowace takarda. A ce ya ba da adireshin gidaje uku da ya gyara, waɗanda suka ga damina biyu ko uku, domin sabon fenti yana rufe kowane aibi. Mai gida ya tafi can ba tare da ɗan kwangilar ba, ya yi sallama da masu gidan, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya tambaye su ko an gama a kan lokaci, ko kuɗin ya tsaya inda aka yi magana, ko ya dawo da aka kira shi gyara. Ya roƙi a nuna masa zanen da hukuma ta buga wa hatimi, ya ƙidaya hawa da ɗakunan da ke cikin zanen, ya ƙidaya waɗanda ke tsaye a ƙasa. Ya duba bango ko akwai tsaga, ko akwai jan fentin hukuma da aka shafe. In ya sami lambar fayil, ya je ofishin tsara birane ya tambaya ko an taɓa ba da umurnin tsai da aikin. Kafin ya bar unguwar ya tsaya wurin mai sayar da siminti da leburori, domin su ne suka san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu, su ne kuma suka san wanda ke rage siminti a kwaɓi. Ɗan kwangilar da ya ce izni ɓata lokaci ne, a bari shi zai san yadda zai yi da ma'aikata in sun zo, ya riga ya faɗi halinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na huɗu, mai gida ya sani cewa neman izni nauyinsa ne, domin ranar da hukuma ta zo da jan fenti ko da motar rusau, gidansa za a shafa wa, ɗan kwangila ya daɗe da tafiya. Ko da ya wakilta wani ya bi masa takardun, ya tabbata rasit ɗin da iznin da sunansa suka fito, kuma ainihinsu na hannunsa.

Na biyar, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga Musulmi ya ba da miliyoyin Naira da baki kawai, wai kunya yake ji. A rubuta kaurin rodi, ko mai milimita 12 ne ko 16, a rubuta awon kwaɓi, wanda aka saba da shi a irin wannan aiki shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sai in injiniya ya ce a ƙara. A rubuta cewa za a riƙa ba dekin ruwa, kuma ba za a yi gaggawar cire katakon da ya tallafe shi ko ɗora masa kaya ba, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi. Kuɗi kuwa a biya shi mataki mataki, kowane mataki bayan an duba wanda ya gabata, a kuma riƙe wani abu har damina ta gwada rufin. Ba a cinikin biri a sama.

Na san akwai masu cewa duk wannan maganar masu kuɗi ce, talakan da ke tara bulo ɗari ɗari ina ya ga kuɗin injiniya? Akwai kuma masu cewa ofisoshin izni wahala ce da jeka ka dawo da neman na goro, kuma ga magina nan tsofaffin hannu da ba su da takarda ko ɗaya amma sun fi waɗansu masu digiri iya aiki. Duk akwai gaskiya a cikin waɗannan maganganu, ba kuwa wanda ya ce a nemo injiniya domin yaɓe ko fenti ko canza kwano. Tsohon birkila mai amana ya isa wannan, kuma tarihin aikinsa shi ne takardarsa. Amma da zarar aiki ya shafi ɗora nauyi, ko cire bango, ko haƙa rami kusa da harsashi, to, an shiga fagen lissafi, kuma gwanintar jera bulo ba ta maye gurbin lissafi. Kuɗin da za a ba injiniya ya zo ya duba bai kai na ƙofar ƙarfen da ake ƙawata gidan da ita ba. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai yake.

Game da wahalar ofis kuwa, a nan ne za mu juya ga hukuma, domin ba daidai ba ne a ce wa jama'a su bincika alhali an kulle musu inda za su duba. A Jihar Kalifoniya ta Amurka akwai hukumar ba 'yan kwangila lasin tun 1929, kowa yana iya duba lambar ɗan kwangila ya ga ko lasinsa na aiki da irin horon da aka taɓa yi masa, kuma doka ta hana mai gyaran gida karɓar kafin alƙalami fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ko Dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A birnin New York mutum yana iya sa adireshin gida ya ga iznin da aka taɓa ba shi da laifuffukan da aka rubuta a kansa. Ba mu ce a kwaso dokokin wata ƙasa a jibge mana ba, amma buɗe littafi ba ya bukatar kuɗin waje. Ya kamata kowace hukumar tsara birane ta ajiye rajistar da kowa zai iya gani, mai ɗauke da adireshin gini, da adadin hawan da aka yarda, da sunan injiniya da maginin da suka sa hannu. Ya kamata a riƙa buga sunayen waɗanda aka kama da laifi a jaridu, a kuma karanta su a rediyo da Hausa. Ya kamata a yanke kuɗin iznin ƙaramin gyara ya zama kaɗan, a liƙa shi a bakin ofis, a sa wa'adin kwanakin da za a ba da amsa, domin duk inda hanya ta yi tsawo, masu yanke ne ke cin riba. Ma'aikacin da ya karɓi na goro ya kau da kai daga ginin da ya saɓa wa zane, a hukunta shi tare da ɗan kwangilar, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu unguwanni da dagatai da limamai su ma suna da rawar takawa. Ba a ɗora bene a ɓoye. Mai unguwar da ya ga ana zuba dekin a kan tsohon gida yana da ikon ya tambayi takarda, maƙwabcin da katangarsa ke manne da ginin yana da haƙƙin ya yi magana, kuma wannan ba hassada ba ce, domin in ginin ya tashi faɗuwa ba ya tambayar iyakar fili. Ƙungiyoyin magina da sarakunansu, inda suke, su farfaɗo da aikinsu na da, su san 'ya'yansu, su tsaya musu, su kuma fid da baragurbi daga cikinsu.

Jama'a, gida shi ne babban abin da yawancinmu za mu mallaka a duniya, shi ne kuma abin da za mu bar wa marayu. Kwana bakwai na tambaya da zirga-zirga ba su kai kwana ɗaya na tonon ƙasa ana neman 'ya'ya ba. Matambayi ba ya ɓata, ɗan kwangilar kirki kuma ba ya fushi don an tambaye shi, hasali ma murna yake yi, domin tambayar ce ke raba shi da 'yan jaka. Wanda ya ji haushi ya tafi, a yi masa fatan alheri, a gode wa Allah da ya tafi tun ba a fasa bango ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu gama da gidajenmu lafiya, amin.